Abin da Ya Cinye Murjanin Magajiya

Maganar a bakin rijiya ta tashi, kamar yadda kowace magana ke tashi a Zangon Ankara ta bakin teku, kafin azahar kuma ta riga ta kai rumfunan masu goro. Wai Adiza mai zura duwatsun ado ta sa wa Magajiya Ayishetu dutsen tsafi a tsakiyar abin wuyanta, dutsen ya tsotse jan murjanin kakaf, da ya gama da murjani kuma ya koma kan wuyan Magajiyar. Uwar wata ɗalibata ce ta kawo mini labarin, tana faɗa tana waige-waige. Na tambaye ta ko ta ga dutsen yana tsotsar. Ta ce ita dai ba ta gani ba, amma ai kowa ya sani. Na tsufa ina jin labarin wannan Kowa, ya san komai, yana ko'ina, amma har yau ba wanda ya nuna mini ƙofar gidansa.

Sunana Salamatu, sai dai tun da na fara karantar da 'yan mata a zauren gidanmu ba mai kirana da shi, Malama kawai ake cewa. Mahaifina ya zaunar da ni gaban allo tare da 'yan'uwana maza, ya kuma bar mini wata ɗabi'a da ta hana ni farin jini: idan aka ce mini abu kaza ya faru, sai na ce a ina, wa ya gani.

Ayishetu matar Mahama ce, babban falken goro. Sun gangaro bakin teku ne bayan yaƙi ya ci Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, ba su daɗe ba ta zama magajiya, wato shugabar matan zango, ba a biki ba a suna ba a wankan gawa sai da ita. Murjaninta kuwa abin kallo ne, ba zan rage mata ba. Na kakarta ne, ya ƙetare hamada ya zo Kano, daga Kano ya bi ayari zuwa Gwanja. Ja ne wur kamar tsagin jan goro, kowane ɗaya ya kai gaɓar babban yatsa. A can arewa kowane abu da zarensa: murjani daban, jan dutsen lantana daban, azurfa daban. Murjani ba a yi masa komai sai a ɗan shafa masa mai a goge da tsumma. Da Ayishetu ta zo nan ta ga manyan matan Ga, 'yan asalin garin, ranar bikinsu, zinariyar Tonawa, mutanen ƙasar goro, tana walƙiya a tsakanin duwatsunsu duk a zare ɗaya, sai barci ya ƙaurace mata. Ta sa Mahama ya saya mata ƙwayoyin zinariya wurin maƙera, ta kwashi komai ta kai wa Adiza.

Uban Adiza yana cikin sojojin da Turawa suka kwaso daga Ikko don yaƙin Tonawa. Ya auri wata 'yar Ga mai ƙyafe kifi, duka biyun sun rasu sun bar ta da ɗaki ɗaya a ƙarshen layi. Tana salla tana azumi kamar kowa, amma Hausarta a cakuɗe take da yaren uwarta, matan fatake kuma a bayan idonta 'yar soja suke ce mata. Duwatsunsu dai wurinta suke kaiwa, don ba mai idonta wajen sanin abin da zai zauna kusa da wani. Cin abinci a akushi ɗaya da ita ne ba sa yi.

Adiza ta jera wa Magajiya murjani biyu zinariya ɗaya, murjani biyu zinariya ɗaya, ta tura lantana baya wajen ƙeya inda jansa mai duhu ba zai yi gasa da murjanin ba. Tsakiya ce ta rage ba abin da ya cika ta. Nan Ayishetu ta hango wani dutse a wuyan Adiza, ruwan ɗorawa, ya kai ƙwan tattabara, da zane baƙi a jikinsa, irin wanda mutanen nan ke kira bodom. Adiza ta ce na uwarta ne, ba na sayarwa ba ne. Magajiya ta ce aro take so. Wa zai hana magajiya aro ya zauna lafiya a zango? Ta cire ta zura mata.

Ranar da Ayishetu ta fito da shi wurin wani suna, ba wanda ya kalli jaririn. Daga nan kowace mai ɗan murjani ta nemi ɗan zinariya ta nufi ɗakin Adiza. Kafin damina ta ɗauke, murjanin Magajiya ya fara koɗewa. Jan ya koma fari-fari kamar goron da ya kwana a ruwa, jikinsa ya yi ƙananan ramuka, hudar ta buɗe har yana lilo a zare. A wuyanta kuma wasu baƙaƙen tabo suka fito, daidai inda abin ke kwanciya. Ta tsinke zaren, ta jefa bodom ɗin a ƙofar Adiza, ta sake zura sauran da hannunta, ta wuce gidan Idrisu mai unguwa, wanda shi ke ba da wurin zama a layinmu kuma shi ke karɓewa. Ta ce ko dai Adiza ta bar zango, ko Mahama ya kwashe baƙinsa da kayansa ya kai wata unguwa. Idrisu mutum ne mai tsoron hayaniya, ya ce a jira Mahama ya dawo daga fatauci sannan a zauna. Adiza kuwa ba ta da inda za ta. Dangin uwarta sun daɗe da cire ta daga lissafi saboda sallarta.

Na same ta zaune gaban faifanta, ba kowa a tabarmar da mata suka saba cikawa. Ba ta tashi ba.

"Mma Malama, tofi aka aiko ki ki yi mini, ko leƙen kayana ki ga nawa zan ɗauka in an kore ni?"

Na ce ba wanda ya isa ya aike ni, tambaya na zo yi. Akwai tsafi a dutsen nan?

"Uwata ya sa shi har ya mutu," in ji ta, da irin Hausarta.

"Me ya kashe ta?"

"Tsufa. Abin da ke bin ki."

Ban ji haushi ba, don gaskiya ta faɗa. Ta ci gaba da cewa bodom ba ya cutar da kowa, alheri ma yake kawowa, idan aka sa shi a tukunya aka rufe aka ba shi lokaci haihuwa yake yi. Na tambaye ta tun zamanin kakarta ya haifi nawa. Ta ɗaure fuska ta ce ba a gwada ba ne. Na ce to ke da masu zagin naki jirgi ɗaya ya kwaso ku, su sun ce yana ci, ke kin ce yana haihuwa, ba wanda ya zauna ya duba. Na ce ta ba ni aronsa. Ta ce aron farko ne ya kai ta inda take. Duk da haka ta miƙo, ba ta kalle ni ba.

Ina da 'yan murjani na uwata, ba su kai na Magajiya girma ba amma na gaske ne. Na zura su a zare, bodom a tsakiya, na rataya a wuyana a kan riga inda makaho ma zai lalubo. Da shi nake alwala, da shi nake karantarwa, da shi nake zuwa kasuwa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga zaurena ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurinta, wannan ciwon kai, waccan aikin gida. A bakin rijiya idan na iso sai a matsa mini kamar mai kuturta. Wata ta ce Malama ta fara ruɗewa, tsufa ne. Wata ta ce ai dama yawan karatu ga mace ƙarshensa ke nan. Wata ya kama, ya cika, ya ɓace, murjanina yana nan ja yadda uwata ta bar shi, wuyana kuma ban da tamojin da Allah ya ba ni ba abin da ya ƙaru.

Na zaci magana ta ƙare. Ashe Kowa ya riga ya shirya amsa: wai ayoyin da ke bakina ne suka ɗaure dutsen. Watau da murjanina ya koɗe, dutsen maye ne, da bai koɗe ba kuma, maye ne da aka ɗaure. Sannan ga wani abu da ba wanda ya tsaya ya auna. Bodom ya daɗe da barin wuyan Magajiya, amma murjaninta bai daina lalacewa ba, kullum ƙara fari yake. Suka ce dafin ne ya zauna a ciki. Ni kuwa na ce a raina, ɓarawon da aka kora amma kaya ba su daina ɓata ba, a duba cikin gida.

Sai na tafi gidan Magajiya da hantsi, ranar da na san za ta fita wani biki. Na tarar da ita a tsakar gida a kan kujera, tana ganina ta kai idonta kan wuyana.

"Malama, da wannan abin za ki shigo mini gida?"

"Ai ya san gidan, Magajiya, ya riga ni zuwa."

Ba ta ce a shimfiɗa mini tabarma ba, na jawo turmi na zauna. Ta ce ta ji labarin abin da nake yi, kuma abin kunya ne mace mai shekaruna, 'yar malamai, ta tsaya bayan 'yar soja wadda ko sunan kakanta ba ta sani ba. Na ce ban tsaya bayan kowa ba, murjanin nake tausayi, ya sha hamada ya sha rana bai mutu ba sai a nan. Na tambaye ta ko wata baiwa ko 'yar aiki na taɓa mata shi. Nan ta miƙe wuya. Ta ce tun da kakarta ta ba ta, hannu biyu kawai suka taɓa shi, nata da na Adiza, ko 'yarta ba ta yarda ta ɗauka ba.

Tana magana tana gyara ɗankwali, sai na ga bayan yatsunta. Irin tabon da ke wuyanta ne sak, baƙi-baƙi, wani kamar ɗigo wani kamar an ja layi. Abin wuya dai ba ya kwanciya a bayan yatsu. Kuma na san wannan tabon, na sha ganinsa a hannun matan da ke matsa lemun tsami a rana a bakin kasuwa. Na dubi gefen kujerarta, ga ƙoƙo, ga ɓawon lemun tsami an matse an zubar, ga abin wuyan kwance cikin ruwan. Ta tsamo shi, ta ɗan yarfe, zinariyar ta ɗauki ido, ta ɗaura a wuya yana ɗiga. Na ce zinariyar nan ta yi kyau. Ta ce dole ta yi, iskar tekun nan baƙanta ta take yi saboda maƙeran nan ba sa rasa zuba tagulla a ciki, amma matar wani maƙeri ta koya mata magani, duk ranar da za ta fita sai ta jiƙa shi tun da safe.

"Ba kamar wasu ba," in ji ta, "da ke yawo da dutsen arna a wuya ko wanke shi ba sa yi."

Na yi mata sallama na fito.

A hanya na sayi lemun tsami. Na tsinke zarena, na matsa lemun a ƙoƙo, na jefa murjani ɗaya na uwata, da lantana ɗaya, da ɗan kunnena na zinariya, da bodom ɗin kansa. Ba zan ce hannuna bai yi nauyi ba, murjanin ba yawa gare su ba kuma ba za a sake ba ni wasu ba. Na kai ƙoƙon bakin ƙofa inda haske yake na zura ido. Lantana na kwance abinsa, bodom na kwance abinsa. A jikin murjanin kuwa wasu 'yan ƙananan kumfa suka fara tsattsafowa, ƙanana kamar idon allura, suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Na bar shi, na sake masa ruwan lemun washegari, na sake. Da na tsamo shi na ajiye kusa da ɗan'uwansa, sai ka ce ba uwa ɗaya ta bar mini su ba. Na kuma shafa ruwan a bayan hannuna na hagu na zauna a rana ina jan carbi. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, daga baya ya rine.

Ban faɗa wa kowa ba, har Adiza. Maganar da aka saki a bakin rijiya kafin ta kai gida an sauya mata riga.

Da Mahama ya dawo, Idrisu ya tara mu bayan la'asar. Maza a zaure, mata cike da tsakar gida, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa tsakanin biyu. Adiza na tsugune ita kaɗai a jikin bango, an bar fili kewaye da ita. Ayishetu ta yi magana mai tsawo, ta kawo kakarta, ta kawo Salaga, ta buɗe wuyanta ta nuna wa mata, aka yi ta salati. Adiza da aka ce ta yi magana cewa ta yi ita zare kawai ta sani, kuma ba ita ta ce a ari dutsen ba. Wata daga baya ta kwaikwayi Hausarta, aka yi dariya. Idrisu ya fara gyaran murya irin ta mai shirin yanke abin da aka riga aka yanke masa, sai na ce ina da tambaya.

Ya ce Malama, an san ra'ayinki. Na ce ba ra'ayi na kawo ba, ƙoƙo na kawo.

Na tambayi Magajiya a gaban kowa hannun wa da wa ya taɓa abin wuyan. Ta maimaita abin da ta faɗa mini, da ƙarfi ma, don a ganinta wannan ne ke ɗaure Adiza. Na ce to ta koya wa matan nan yadda take sa zinariyarta ƙyalli, don duk sun daɗe suna so su tambaya. Ta faɗa, har da yadda ake zaɓen lemu mai ruwa. Na ga mata biyu uku sun gyaɗa kai, alamar su ma sun koya.

Na matsa lemun a gaban Idrisu, na jefa wani murjanin na uwata, da lantana, da ɗan kunnen. Bodom kuwa na miƙa wa Adiza, na ce ta riƙe shi can nesa kada a ce shi ne. Idrisu ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce yana ganin wani abu kamar kumfa. Na ajiye masa murjanin da na riga na jiƙa kusa da wanda ban jiƙa ba, na kuma miƙa bayan hannuna na hagu.

"Wannan tabon ban aro shi wurin Adiza ba. Magajiya, nuna musu yatsunki."

Ta tura hannuwanta cikin mayafi. Ta ce ai ni na kawo lemun, Allah kaɗai ya san abin da na tofa masa, kuma wanda ya kwana da dutsen tsafi a wuya ba a karɓar shaidarsa. Na ce a aika gidanta a ɗebo nata lemun, a ciro murjani ɗaya daga wuyanta, ni zan koma bayan gida in juya baya. Ta ce ba mai taɓa mata abin wuya.

Mahama ne ya taso daga zaure. Mutum ne da ya yi shekaru yana duba goro yana gane wanda tsutsa ta shiga tun ba a fasa ba, ba ya kuma son a yi masa dariya a kasuwa. Ya karɓi ƙoƙon ya kai haske, ya juya murjanin biyu a tafinsa, sannan ya ce wa matarsa ta fito da hannunta. Ta fito da shi. Ya duba, ya koma ya zauna. A cikin matan na ga wata ta kai hannu ƙeya a hankali tana kwance nata abin wuyan.

Idrisu ya ce shi bai ga abin da zai sa a tashi Adiza daga ɗakinta ba, kowa ya yi haƙuri, zaman tare ya fi. Ba wanda ya ce wa Adiza ta yi haƙuri ita kaɗai, ita ma ba ta jira ba, ta miƙe ta kaɗe zanenta. Ayishetu ta tsaya a gabana kafin ta fita.

"Malama, ranar da za a wanke ki kada a neme ni."

"In kin canza shawara kin zo, Magajiya, ki bar lemun a gida."

Tun daga ranar ba ta sake yi mini magana ba, ba a kuma sake kawo mini goron biki daga gidan da take da baki ba. Wasu 'yan matan sun dawo zaurena, wasu ba su dawo ba. Adiza tana nan a ɗakinta a ƙarshen layi, bodom a wuyanta. Na kai mata ragowar murjanina ta zura mini, ta duba zaren da na yi amfani da shi ta ce ko akuya ba a ɗaurewa da irinsa. Matan fatake sun koma kai mata duwatsu, yanzu zinariya a zare ɗaya murjani a wani, a jera su a wuya ɗaya a kan ɗaya, kuma har yau 'yar soja suke ce mata. A bakin rijiya akwai masu cewa dutsen ne dai, Malama ce ta fi shi ƙarfi.

Bodom ɗin Adiza bai tsotsi komai ba. Ruwan lemun tsami ne ya cinye murjanin, shi ne kuma ya ƙona wuyan Ayishetu da yatsunta a rana, ita ce kuma take jiƙa abin wuyan a ciki da hannunta duk ranar da za ta fita.